Maigidana ya dawo daga bakin daga, takarda ta ce lafiyarsa ƙalau, ni kuwa hankalina bai kwanta ba

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu kawai, ban taɓa rubutu ba sai yau. Don Allah ma'aikatan lafiya da iyayenmu tsofaffin sojoji ku taimaka min da shawara.

Maigidana kofur ne. Ya yi shekara 3 da wata 2 a arewa maso gabas, fas biyu kacal ya samu a tsawon lokacin. Watan jiya aka canje su suka dawo. Da suka iso an ba su wata takarda a asibitin bariki su cike: kana barci, kana cin abinci, kana mugun mafarki? Shi da bakinsa ya ce min layi ɗaya ya bi, a'a, a'a, a'a har ƙasa, don kada a riƙe shi. Aka buga masa hatimi ya taho gida.

Amma mutumin da ya shigo ɗakin nan ba shi ne wanda na raka tasha ba. Ba ya runtsawa sai bayan asuba. In na farka ƙarfe 2 na dare sai in same shi zaune a bakin gado da takalmi a ƙafa. Ran nan murfin tukunya ya suɓuce wa Khalifa, kafin in ƙifta ido babansa ya kwanta rub da ciki a tsakar ɗaki, da ya tashi ya fita bai dawo ba sai dare. Duk wannan na ce gajiyar daji ce, za ta wuce. Na makon nan ne ya tsinka min zuciya. Ya ba ƙanensa babur ɗinsa kyauta, babur ɗin da ko bokiti ba ya yarda a jingina a jikinsa. Ya bi mai shago da mai nama a kasuwar mami ya biya duk bashin da ake bin mu. Shekaranjiya ya zaunar da ni ya nuna min inda takardun filinsa suke, ya ce in yafe masa duk abin da ya taɓa yi min, wai ni da yara za mu fi hutawa in babu shi. Tun ranar kuma sai ya sake, har dariya yake yi da yara. Surukata ta ce in gode wa Allah ya samu sauƙi. Ni kuwa wannan sakewar ce ta fi ba ni tsoro.

Akwai yadda ake gane mutum yana shirin halaka kansa? Ko shaiɗan ne yake raya min?

Nas Mai Aikin Dare:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ba shaiɗan ba ne, idonki ya gani daidai. Shekarata 11 a ɗakin masu ciwon ƙwaƙwalwa, kuma abubuwan da kika jero, rabon kaya, biyan bashi gaba ɗaya, neman yafiya, cewa za ku fi hutawa in babu shi, sannan sakewa farat ɗaya bayan dogon ƙunci, su ne suke tayar da mu tsaye in mun ji su. Wani lokaci sakewar nan ta wanda ya gama yanke shawara ce, wasi-wasi ya bar shi. Ban ce lallai haka ne ba, amma ba maganar da za a bari sai gobe ba ce.

Yau ɗin nan, in yara sun yi barci, ki zauna kusa da shi ki tambaye shi: "Baban Khalifa, kana tunanin kashe kanka ne?" Da wannan kalmar fa, kada ki kewaya ki ce "kana tunanin wani abu marar kyau?" don zai ce a'a ya wuce. Ki tambaya, ki yi shiru, ki bar shi ya yi magana. Kada ki yi masa wa'azi a daren, kada ki yi salati da ƙarfi, kada ki yi masa alkawarin ba za ki faɗa wa kowa ba. Kuma daga yanzu kada a bar shi shi kaɗai. Yaushe ne yake da gadi na gaba?

Uwar Biyu:
Subhanallahi Nas, ki yi haƙuri amma ban yarda da wannan ba. Mutum yana zaman zamansa ki je ki ambata masa kashe kai? In bai taɓa tunanin ba ai ke kika kai masa. Kuma wace mace ce za ta dubi idon mijinta ta faɗi wannan magana? Ni dai shawarata a kai shi wajen malamai a yi masa ruƙiyya. Dajin nan ba a shigarsa a fito haka nan.

Nas Mai Aikin Dare:
Hajiya, na san daga ƙauna kika faɗa, kuma ni ma da na fara aiki bakina nauyi yake yi a kan tambayar nan. Amma an bincika abin sau da yawa, a kan 'yan makaranta da manya, ba a samu cewa tambaya tana saka wa mutum tunanin ba. Abin da aka fi gani shi ne mai tunanin yana jin an sauke masa dutse, don ya daɗe yana ɗauke da abin shi kaɗai. Wanda ba ya tunanin kuwa zai ce "haba, Allah ya kiyaye", shi ke nan an wuce wurin.

Mu a wurin aiki akwai tambayoyi 6 da muke bi, waɗanda aka tsara a jami'ar Kolambiya ta Amurka, kuma an yi su ne yadda ko wanda ba likita ba zai iya yi. Ana hawa ne kamar tsani. Ka taɓa fatan da ma ka mutu, ko ka kwanta kada ka farka? Ka yi tunanin kashe kanka? In ya ce e, sai a ci gaba: ka yi tunanin ta wace hanya? Ka ji kana da niyyar aikatawa? Ka fara tsara yadda za ka yi, kuma kana nufin cikawa? Ta shidan ana yi wa kowa ko me ya amsa a baya: ka taɓa yin wani abu, ko ka fara, ko ka yi tanadi don halaka kanka, kuma in e, cikin wata 3 da suka wuce ne? Wanda ya ce e a ta huɗu ko ta biyar, ko ta shida a kwanan nan, ba ma barinsa ya tashi daga gabanmu sai likita ya gan shi. Ki lura, rabon kaya da shirya takardu irin na Baban Khalifa yana shiga cikin tanadin da tambaya ta shida take nufi.

Baba Saje Mai Ritaya:
'Yata Maman Khalifa, Allah ya sassauta. Na yi shekara 32 da kaki a jikina, na shiga Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a 1990, na yi Saliyo. Maganar takarda da mijinki ya faɗa gaskiya ce, duk wanda ya san bariki ya sani. Yaro ya kwana a rami shekara 3 yana lissafin ranar da zai ga 'ya'yansa, ka miƙa masa takarda ka ce in ya rubuta e za a tsare shi ganin likita, me kake jiran ya rubuta? Ga tsoron a sa masa a fayil, ƙarin girma ya wuce shi, a kasuwar mami a riƙa nuna shi da baki ana cewa kansa ya taɓu.

Amma Nas, na ga inda kika dosa da tambayar gadi, kuma a nan zan tsaya miki. Kina so a hana shi riƙe bindiga. Ki sani soja da aka karɓe wa bindiga a gaban 'yan uwansa an tuɓe shi ne tsirara a kasuwa. Abin da kike gudu, wannan wulaƙancin ma zai iya kai shi can.

Ɗan Zango a Texas:
Gaisuwa Baba Saje, Allah ya ƙara girma. Ni haifaffen zangon Kumasi ne, na yi shekara 8 ina ma'aikacin jinya a rundunar sojan ƙasa ta Amurka, na je Iraƙi sau ɗaya. Bari in faɗi abin da na gani da abin da aka koya mana.

Maganar takarda ba ta ƙasa ɗaya ba ce. An gwada a nan Amurka da wata birged da ta dawo daga Iraƙi. Sun cike takardar da ake sa suna, sannan aka ba su wata irinta da ba a rubuta suna. A ta biyun, masu cewa suna da ciwon damuwa ko firgici ko tunanin kashe kai sun ninka sau 2 zuwa 4. Mutanen nan ɗaya ne, tambayoyin ɗaya ne, suna kawai aka cire. An buga sakamakon a 2011. To ashe takardar da Baban Khalifa ya cike ba lafiyarsa ta auna ba, tsoronsa ta auna.

Amurka ba ta farka a kan abin nan da wuri ba. Da can sojojinta sun fi farar hula ƙarancin kashe kai, sai a 2008 na sojan ƙasa ya haura na farar hula masu irin shekarunsu. Wani rahoto na jami'ar Brown a 2021 ya ƙiyasta cewa cikin waɗanda suka yi aikin soja bayan harin 11 ga Satumba na 2001, mutum 30,177 ne suka kashe kansu, alhali waɗanda suka mutu a fagen yaƙe-yaƙen 7,057 ne. Ka dubi tazarar. Abin da ya ba mutane mamaki kuma, da yawa daga cikin mamatan ba su taɓa taka filin daga ba. Abin da aka fi samu a bayansu shi ne ciwon damuwa, shaye-shaye, rikicin aure, bashi, shari'a ko horo a wurin aiki, da barin aiki da wuri ko kora. Shi ya sa a wurinmu wanda aka rage wa igiya jiya ko matarsa ta tafi makon jiya, idonmu yana kansa ko da bai taɓa jin ƙarar harsashi ba.

Batun bindiga kuwa Baba, da girmamawa, ga abin da ya sa ba zan bi ka ba. A Isra'ila sojojinsu matasa suna tafiya gida hutun ƙarshen mako da bindigoginsu. A 2006 aka hana, aka ce a bar su a sansani. Kashe kai a rundunar ya ragu da kashi 40 cikin 100, kuma raguwar kusan duk a ƙarshen mako ta faru, na sauran ranaku bai canja sosai ba. Ba a yi wa kowa magani ba, ba a canja zuciyar kowa ba, nisa kawai aka sa tsakanin mutum da makami. Dalili shi ne lokacin da abin yake turnuƙe mutum gajere ne, sau da yawa mintuna ne ko 'yan awoyi. In ya wuce wannan gaɓar da ransa, galibi yana rayuwa. Cikin mutum 10 da suka yi yunƙuri suka tsira, kusan 9 ba ta wannan hanyar suke mutuwa daga baya ba. Bindiga kuwa ba ta ba mutum damar nadama.

Abu Mus'ab:
Duk wannan lissafin na ƙasashen da ba su san Allah ba ne. Musulmi mai imani ba ya kashe kansa. A gaya masa ya koma ga salla da Alƙur'ani, a tuna masa wuta ce makomar mai yin haka. Rashin tawakkali ne kawai.

Maman Khalifa:
Malam, ba ya barin salla. Shi yake tashina asuba. Nafilar dare ma yanzu ya fi yi.

Liman Na Unguwa:
Ɗan uwa Abu Mus'ab, Allah ya saka da kishin addini, amma mu sassauta harshe, matarsa tana karantawa. Haramcin kashe kai babu saɓani a kansa. Sai dai ka dubi yadda Allah ya rufe ayar a Suratun Nisa'i, aya ta 29: kada ku kashe kanku, lalle Allah ya kasance mai jin ƙai ne a gare ku. Da rahama ya ɗaure hanin.

Kuma cewa mai imani ba ya faɗawa cikin wannan, hadisi bai goyi bayanka ba. A Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya yi hijira zuwa Madina tare da Ɗufailu bin Amru Addausi. Ya yi rashin lafiya, ya kasa daurewa, ya yi wa hannuwansa rauni har ya rasu. Ɗufailu ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawan hali, ya ce Allah ya gafarta masa saboda hijirarsa, sai dai hannuwansa a rufe. Da aka ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, sai ya roƙi Allah ya gafarta wa hannuwan ma. Wannan mai hijira ne fa. In ciwo ya iya kai irinsa ga haka, wane ne kofur da ya shekara 3 yana kwashe gawar abokansa?

Na zauna da masu irin wannan hali a zaurena. Wanda ya riga ya yanke cewa shi ba shi da amfani, in ka tsorata shi da wuta sai ya ƙara tabbatar wa kansa shi ɓatacce ne, ya daina zuwa wurinka. Hajiya Uwar Biyu, ruƙiyya da addu'a a yi, ni ma zan sa shi a addu'a bayan kowace salla. Amma a haɗa da asibiti, kuma asibitin a gaba, kamar yadda ba ma tsayawa tofi ga wanda jini yake zuba sai mun ɗaure raunin.

Likita Daga Kaduna:
Na shigo a makare. Ni likitan ƙwaƙwalwa ne, kuma ina so in faɗi wani abu da mu likitoci ba mu cika son faɗa ba: babu wani ma'auni a duniya da zai gaya maka wane ne zai kashe kansa. A 2017 an tattara binciken shekara 50 a kan abubuwan da ake cewa suna nuna haɗari, aka tarar hasashen da ake yi da su kaɗan ya ɗara canki-canka. Da yawa daga waɗanda suka mutu sun ce wa ma'aikacin lafiya ba sa tunanin a ganinsu na ƙarshe. Har ta kai a Ingila hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya ta ce a 2022 a daina amfani da irin waɗannan takardu wajen kasa mutane gida uku, mai ƙaramin haɗari, matsakaici da babba, don yanke wanda za a kula da wanda za a sallama.

Sojan Amurka sun gwada da kwamfuta a babban bincikensu da ake kira Army STARRS. Cikin sojojin da aka sallama daga kwanciyar asibitin ƙwaƙwalwa, kwamfuta ta ware kashi 5 cikin 100 da ta ce sun fi haɗari, kuma sama da rabin waɗanda suka kashe kansu a shekarar da ta biyo baya daga cikinsu suka fito. Abin a yaba ne. Amma ko a cikin kashi 5 ɗin, mafi yawansu nesa ba kusa ba sun rayu. Ke nan na'urar tana nuna unguwar da za a sa ido ne, ba ta nuna gidan.

To me ya sa muke tambayoyin da Nas ta kawo? Don su buɗe baki, mu san abin da za mu yi yau. Ni in soja ya zauna gabana ba maki nake nema ba. Ina so in san me ya canja a makonnin nan, yaushe rabonsa da barcin kirki, yana shan tiramadol ko giya don ya samu barci, wa ya mutu a gabansa kuma yana ɗora wa kansa laifin, me yake iya kai hannu gare shi a daren yau, wa yake kwana kusa da shi. Kuma kullum sai na ji ta bakin matarsa ko abokinsa. Abin da Maman Khalifa ta rubuta a sama ya fi min takardar asibiti goma.

Akwai wani masani Ba'amurke, Thomas Joiner, da ya ce abu uku ne in sun haɗu ake tsoro: mutum ya ji ya zama kaya a kan mutanensa, ya ji ya yanke daga jama'a, sannan tsoron mutuwa da zafin ciwo ya fita daga ransa. Ku dubi soja. Na ukun aikin ne da kansa yake koya masa tun daga horon kurata, in ba haka ba ba zai iya tsayawa a bakin daga ba. Saura biyu ke nan. Baban Khalifa ya rabu da mutanen da ya kwana rami ɗaya da su, ga na biyu. Ya ce za su fi hutawa in babu shi, ga na farko da bakinsa. Maman Khalifa, ki kai shi a gan shi cikin awa 24, in kuma ya ce miki yana da shiri, a daren za ku tafi. In asibitin bariki ba shi da likitan wannan fanni ki nemi a tura ku gaba. Akwai asibitin sojoji na 44 a Kaduna, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da Maiduguri da Kware ta Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano. Magungunan da ke ɗaki da maganin ƙwari ki kwashe ki kai maƙwabta yau.

Maman Khalifa:
Na gode Likita. Jibi yake da gadin dare, shi kaɗai a ƙofar baya. Amma ina tsoron abu ɗaya. Na ji an ce laifi ne a doka, kada in je in faɗa a kai shi gadurum, in zama ni na kashe masa aiki.

Ɗalibar Shari'a:
Anti, abin da doka ta ambata yunƙuri ne, ba tunani ko faɗa ba. Sashe na 231 na kundin hukunta laifuka na Arewa da sashe na 327 na na Kudu sun tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1 ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Dokar gadon Turawan mulkin mallaka ce, likitoci da lauyoyi sun daɗe suna kiran a soke ta don tana sa mutane ɓoyewa. Gana ta soke tata a 2023. A nan Najeriya kuma a watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Wanda ya je wurin likita ya ce ga abin da zuciyata take raya min bai karya kowane sashe ba, mara lafiya ne da ya nemi magani.

Ɗan Zango a Texas:
Tsoron da Anti ta faɗa shi ne ya sa aka yi wata doka a nan Amurka a ƙarshen 2021, da sunan wani matashin sojan ruwa, Brandon Caserta, da ya kashe kansa a 2018. Yanzu soja zai iya ce wa na gaba da shi yana so a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma dole a tura shi. Mu kuma abin da ake koya wa kowa tun daga ƙaramin soja kalma uku ne: tambaya, kula, raka. Rakiyar ce mutane suke mantawa. Ba a ce masa "ka je asibiti" a juya, da ƙafarka za ka kai shi.

Baba Saje Mai Ritaya:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, na ajiye waya na yi alwala na dawo. Akwai abin da ban taɓa faɗa wa ko matata ba.

Bayan mun dawo daga Laberiya ina da aboki, tare muka shiga soja, tabarma ɗaya muka kwana a can. Wata ranar Laraba ya zo ɗakina da rediyonsa mai jakar fata da agogonsa ya ce in riƙe. Na ce ina za ka? Ya ce ba ko'ina. Ya zauna ya sha shayi, ya yi ta ba ni labarin mahaifiyarsa, ya ce in na je garinsu in gaishe ta. Wallahi zuciyata ta faɗa min. Kalmar ta zo har bakina, na haɗiye, na ce namiji ba ya tambayar namiji wannan, zai ce na raina shi. Ni ne kuma nake rubuta sunayen masu gadi a makon. Na sa shi ran Juma'a da dare da hannuna. Rediyon yana nan a akwatina shekara 30 da wani abu, ban taɓa kunna shi ba.

Ɗan Zango, ka yi gaskiya, na janye. Amma ina nan a kan cewa yadda za a yi shi ne komai. Ba a fareti ake yi ba. 'Yata, kada ki tafi ofis kai tsaye. Ki nemi abokinsa da suka dawo tare, wanda ya fi yarda da shi, ku yi maganar ku uku. Sannan a samu samanjan kamfaninsu a gefe, ko limamin bariki ya same shi. Samanja mai hankali ya san yadda zai cire sunan mutum daga gadin dare ya mai da shi aikin sito ko ofis na 'yan makonni, ya ce hutun dawowa ne, babu wanda zai ɗaga kai. Bindiga tana ma'ajiyar makamai, in ba a rubuta shi aiki ba ba zai sa hannu ya ɗauka ba. Na yi wa yara da yawa haka a kan ciwon ƙafa da ciwon baya, ban yi wa abokina ba.

Magajiyar Layinmu:
Allah ya jiƙansa Baba, ya ba ka haƙuri. Maman Khalifa, in kina jin nauyin tunkarar samanja ki bi ta magajiyarku, shugabar matan layinku a bariki, aikinmu ke nan, kuma wadda ta san aikinta ba ta kai maganar gidan wani bakin famfo. Yaran ki kai su wurin wata su kwana yau don ku samu sarari.

Uwar Biyu:
Baba ka sa ni kuka. Nas ki yafe ni, a tambaye shi ɗin.

Likita Daga Kaduna:
Abu ɗaya zan ƙara don kada a yi kuskuren da aka daɗe ana yi. Kada a sa shi rantsuwa ko alkawarin ba zai yi ba, sannan kowa ya koma barci. An gwada wannan a kan sojoji a sansanin Fort Carson na Amurka, aka kwatanta da wani ɗan kati da sojan yake rubutawa da hannunsa: alamun da yake ji in abin ya taso, abin da zai yi ya kwantar da kansa, dalilansa na rayuwa, mutanen da zai kira, da inda zai je in duk sun gagara. Masu katin sun fi masu alkawarin ƙarancin yunƙuri da kashi 76 cikin 100 a wata 6. Rabin awa ya isa a rubuta shi. Ki roƙi wanda zai gan shi su rubuta tare kafin ku bar asibitin, kuma a sake tambayarsa a kowane zuwa, don amsar yau ba ita ce ta mako mai zuwa ba.

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum. Ku gafarce ni kwana biyu shiru, na ga saƙonninku.

Na yi yadda kuka ce. Na kai yara gidan maƙwabciya, na kira abokinsa ya zauna a waje kan benci. Na shiga na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, bakina yana rawa, na faɗi kalmar yadda Nas ta rubuta. Ya daɗe yana kallon bango. Sai ya ce, "Wa ya gaya miki?" Na ce babu kowa, babur ne ya gaya min. Sai ya kifa kansa a gwiwa, ban taɓa jin kukansa ba tun da aka ɗaura mana aure. Ya ce e. Ya ce daren gadin nan ya sa a ransa. Ya ce akwai wani yaro ɗan shekara 20 da suka canja wurin zama a mota, shi ya ce masa ya koma gaba, kuma gaban ne ya taka abin da aka binne. Tun ranar yake ganin yaron.

Abokinsa ya shigo, bai ce komai ba, ya zauna ya dafa shi. A daren muka tafi asibiti mu uku, da safe abokin ya samu samanja. An cire sunansa daga gadi, an ce zai taimaka a sito. Likita ya daɗe da shi, ya kira ni ni kaɗai ya tambaye ni, ya ba da magani ya ce ni zan riƙe in riƙa ba shi na kowace rana. Sun rubuta katin, yana aljihun rigarsa, sunana ne na farko, na abokinsa na biyu. Ƙanensa ya dawo da babur, makullin yana wurina.

Ban ce ya warke ba. Jiya ma sau uku ya farka, da rana ba ya son magana, kuma ya ɗan yi fushi da ni a kan samanja. Baba Saje, na karanta masa abin da ka rubuta, ya ce in tambaye ka ko za ka yarda ya kira ka. Alhamis ƙarfe 9 za mu koma wurin likita, abokinsa ya ce shi zai kai mu.

Baba Saje Mai Ritaya:
Ya kira ko ƙarfe nawa ne, ni ma ba barcin kirki nake yi ba. Na tura miki lambata ta akwatin sirri.